Hular Surukina a Ɗakin Haihuwa

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na haifi ɗana na fari ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, 'yan albasar Adjamé ba za su bari ba. Har yau idan na ratsa ta rumfunansu, sai wani ya dafe hularsa da hannu biyu ya ce, "Jama'a, kowa ya riƙe tasa, ga ta nan tafe."

Bari in fara da aikina, domin ta nan abin ya fi yi mini ciwo. Ni mai karanta sanarwa ce a wani ƙaramin gidan rediyo da ke da shirin Hausa a nan Abidjan. Aure, suna, rasuwa, cigiyar baƙon da ya sauka daga garin Tawa ya ɓace a tasha, duk ta bakina suke fita. Tun a Maradi aka koya mini aikin: a jawo numfashi daga ciki, a ba kowace kalma haƙƙinta, kada murya ta yi rawa ko da rasuwar wanda ka sani kake karantawa. Na iya wannan sosai. Da wuya a sami jaririn Bahaushe tsakanin Adjamé da Treichville a 'yan shekarun nan da ba ni na sanar da zuwansa ba. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Sai kuma kunya. Da aka kawo ni gidan su maigidana a Adjamé Liberté, da ita na yi suna. Surukata, Hajiya, takan nuna ni ga baƙi kamar sabon firiji. "Daga Maradi muka ɗauko ta," in ji ta, "ba irin 'yan nan ba, masu miƙa wa uban miji hannu suna *bonjour papa*." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai, a ciki ina jin daɗi har wuya. Ban taɓa cin abinci a gaban surukina ba. Ban taɓa wuce shi da takalmi a ƙafa ba. Sunansa kuwa, ko a mafarki. Idan aka kawo sanarwa mai ɗauke da irin sunansa a wurin aiki (sunan kuma yana da farin jini, kusan kowane gida akwai shi), sai in tura wa abokin aikina takardar, in yi kamar tari ya sarƙe ni. A rubutun nan ma ba za ku gan shi ba. Alhaji zan ce, kamar kowa.

Alhaji dillalin albasa ne, tun yana saurayi ya zo daga Nijar. Dogo, mai magana a hankali, mai tafiya a hankali, mai tuƙi a hankalin da ya fi duka. Yakan ce shi Faransanci ba ya ji sai na ciniki. Hula kuwa ba ta barin kansa. Ko a alwala hannu yake zurawa ta ƙarƙashinta. Maigidana, ɗan cikinsa, ya rantse mini cewa bai san abin da ke ƙarƙashin hular nan ba.

Tsakanina da Alhaji, cikin da nake ɗauke da shi babu shi. Haka al'ada take. Ciki ya yi girma har ina shiga ƙofa a karkace, amma idan na durƙusa gaishe shi da safe, sai in ja mayafi in rufe, shi kuma ya kalli rufin soro ya ce, "Ɗiyata, ya gajiya?" In ce, "Babu gajiya, Baba." Shi ke nan. Mu biyu mun yarda cewa ƙiba ce kawai.

Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta. Nawa iyayen suna Maradi, saboda haka aka tsayar cewa zan koma wurin Goggo, ƙanwar babana, a Treichville. A wata matarniti, wato asibitin haihuwa, kusa da gidanta nake zuwa awo. Aka sa ranar komawata, Juma'a, domin Alhaji yakan yi sallar Juma'a a can, sai ya sauke ni a hanya. Innata ta kira daga Maradi ta ja mini kunne: "Naƙudar fari ba a yi mata talla. In kin ji alama, Goggonki kaɗai za ki gaya wa. Kuma kada in ji an ce kin yi kururuwa, mu a gidanmu ba a yi." Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Mace mai karanta rasuwa ba tare da murya ta yi rawa ba, me naƙuda za ta yi mata?

Da safiyar Juma'ar na tashi da wani abu a ƙugu, kamar an ɗaura mini igiya wani yana ja daga baya. Ya zo, ya tafi. Na ce aceken jiya ne, dambun rogon nan na 'yan Abidjan, da barkono. Ya sake zuwa, ya ɗan jima kafin ya tafi. A nan na gane ba aceke ba ne. Maigidana ya fita tun da asuba, motar albasarsu ta lalace a hanyar arewa. Hajiya ta tafi ta'aziyya Abobo kafin in fito daga wanka. Akwai maƙwabta mata cike da gida, wannan gaskiya ne, kuma da na buɗe baki na ce wa ɗaya daga cikinsu "zo ki ji," da babu labarin da zan ba ku yau. Amma sai na zauna a bakin gado na yi tunani irin na masu ilimi. Na karanta cewa naƙudar fari tana daɗewa. Daga Adjamé zuwa Treichville, a ratsa Plateau a haye gada, an isa. Zan shiga mota da mutuncina, in sauka da mutuncina, in raɗa wa Goggo a kunne. Tsarin ya yi mini kyau ƙwarai.

Na fito da jakata. Alhaji yana tsaye jikin tsohuwar motarsa da 'yar shara da carbi. Ya dube ni, ya ɗan daɗe, sannan ya mayar da ido kan tayar gaba.

"Ɗiyata, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Baba."

Na shiga baya, daidai bayan kujerarsa, yadda ba za mu haɗa ido ba. Kusa da ni babbar rigarsa ta shadda ce a naɗe, fara sol, an dawo da ita daga wurin masu bugu tana ƙyalli. Sai ya isa bakin masallaci yake saka ta, don kada ta yamutse. Motar tana warin albasa irin na shekara da shekaru, wanda ya riga ya zama ɗan gida.

Muka tashi. Idan na ce muka tashi, ina nufin motar ta motsa. Masu tura baro suna wuce mu. Igiyar nan ta ƙuguna ta dawo, wannan karon da abokiyarta a gaba. Na kama ƙarfen ƙofa, na jawo numfashi daga ciki kamar yadda aka koya mini, na saki a hankali. Na ga idon Alhaji a madubi. Da na duba sai ya ɗauke.

Muna isa wajen Mairie, ofishin magajin gari, sai ya tsaya. Na ce a raina, to, me kuma? Ya leƙa ta taga ya kira Tanti Awa, wata 'yar Jula da ke saro albasa a wurinsa tun kafin a haifi maigidana.

"Awa, zo ki gaisa da ɗiyata, za ta gidan goggonta."

Ya fita, ya koma gaban motar ya tsaya yana duba fitila. Fitila, da rana tsaka. Tanti Awa ta cusa kanta ta taga, ta dube ni sau ɗaya, ta ce da murya irin ta kasuwa, wadda ake ji daga layin tumatir zuwa layin doya:

"Ke, yarinya! Ciwon ya fara ne?"

Alhaji yana nan, taku kaɗan, tagogi a buɗe. Na gyara murya, na ba kowace kalma haƙƙinta.

"A'a, Tanti. Zafin gari ne kawai."

"Zafin gari ne ya sa kike cizon mayafi?"

"Al'adata ce, Tanti."

Ta dube ni, ta dubi Alhaji, ta ɗaga kafaɗa ta ce Hausawa dai sai Allah, ta koma wurin kayanta. Alhaji ya shigo ya zauna, ya yi ajiyar zuciya. Ni kuma ina ta tafasa a baya. Mutum na fama da ransa, tsoho yana rabon gaisuwa.

Ba mu yi nisa ba ya sake taka birki. Wata mata ce tsaye a bakin titi, ƙaƙƙarfa, da babban baho a ka, tana jiran woro-woro, taksin haɗaka. Alhaji, wanda bai taɓa ɗaukar fasinja ba tun da na san shi, wanda ko maƙwabci ya roƙi a rage masa hanya sai ya ce taya ba iska, ya leƙa ya ce, "Treichville? *Montez, madame.*"

Ta shigo baya kusa da ni, ta ɗora bahon a cinya. Babu komai a cikinsa, tashar jiragen kamun kifi za ta je saro kaya, amma bahon bai manta sana'arsa ba. Warin kifi ya gaisa da warin albasa, suka haɗu a kaina. Ta ce sunanta Madam Akisi. Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya.

Sai Alhaji ya kunna rediyo, ya ƙure murya. Shi da ko labarai yake ji kamar ana raɗa.

Kun san muryar da ta fito? Tawa. Sanarwar da na naɗa kafin in ɗauki hutu, suna maimaita ta ranar Juma'a. Ga ni nan a cikin akwati, a natse, kamar wadda ba ta da ƙugu: "Ana sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa Allah ya sauki iyalin Malam wane lafiya, an sami ɗiya mace…" Ga ni nan kuma a kujerar baya, na haɗa gumi, na danna goshi a bayan kujerar surukina. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji haushin matar nan ta cikin rediyo ba.

Madam Akisi ta sa hannu a cikina ba tare da neman izini ba. Ta jira. Da abin ya sake zuwa, cikin ya yi tauri kamar ƙwarya, sai ta zaro ido. Ta matso ta ce da Faransanci, "Yako, sannu ƙanwata. Tun yaushe?"

To, a nan na samu dama. Rediyo na ihu, Alhaji kuma ba ya jin Faransanci sai na ciniki. Na raɗa mata cewa tun safe. Ta ce me ya sa ban gaya wa papa ba? Na ce uban mijina ne, a wurinmu ba a yi. Ta ce ba a yin me, haihuwa? Na ce ba a faɗa. Kuma tunda baki ya buɗe, sai na ƙara da abin da ba a tambaye ni ba. Na ce mata tsohon nan zai kashe ni da gaishe-gaishensa. Na ce kunkuru ma da ya samu lasisi da ya fi shi sauri. Ta yi dariya har bahon yana rawa, sannan ta ce in buɗe ƙafa kaɗan in daina matsewa.

Muka ratsa Plateau, muka hau gada, muka tsaya. Cunkoson Juma'a. Motoci a jere har inda ido ya ƙare, ruwan lagun, tafkin da ya ratsa birnin, yana ƙyalli a ƙasa, Treichville ga ta can ana hango ta, kamar a miƙa hannu a taɓa. A hannun damanmu akwai wata a-kori-kura cike da 'yan kasuwar albasa, abokan Alhaji, su ma za su masallaci. Suka gan shi, aka fara: "Alhaji, barka da Juma'a!" "Alhaji, ya kasuwa?" Yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar iyali.

Ina so in faɗi gaskiya game da ciwon nan, saboda 'yan matan da ke karantawa. Duk wadda ta ce muku kamar ciwon mara ne, ku daina gaishe ta. Abin yana tasowa ne daga baya, ya zagayo gaba, ya matse, har ki ji kamar ƙasusuwanki na neman rabuwa da juna, kuma a daidai lokacin da kika ce yanzu zan mutu, sai ya sake ki, ya koma gefe ya tsaya yana kallonki. A mota ya daina komawa gefe. Wani na tafiya, wani na shigowa.

Sai na ji wani abu ya yi ɗas a cikina, ɗumi ya biyo baya. Faya ta fashe. Na duba ƙasa. Ban san lokacin da na jawo babbar rigar Alhaji na zauna a kanta ba.

Madam Akisi ta ajiye baho, ta bugi kafaɗarsa. "Papa! 'Yarka za ta haihu a nan! Yanzu-yanzu!"

Alhaji bai waiwayo ba. Ya kalli motar da ke gabansa, ya ce da Hausa, a hankali, "Allah ya kawo sauƙin wannan cunkoso."

A lokacin ne layinmu ya motsa. Fili ya buɗe a gabanmu, mai kyau, wanda mota za ta shige ta kama gefen da ke tafiya. Na ga filin nan kamar ƙofar Aljanna. Wani ɗan taksi ya kunno kai daga hagu. Alhaji ya ɗaga masa hannu: bismilla, wuce.

Abin da ya biyo baya, ni ban yanke shawarar yin sa ba. Na dai ga hannuna ya tashi ya cafki hular Alhaji daga baya, ya tuge ta. Na ji an jawo numfashi daga ciki, yadda aka koya mini a Maradi. Sannan na kira sunansa. Sunansa na yanka, tsirara, babu Alhaji, babu Baba, babu Malam. Na ba kowane harafi haƙƙinsa. Murya ba ta yi rawa ba ko kaɗan.

"Ka taka motar nan! Haihuwa zan yi! Jikanka ne zai fito a kan rigarka, kai kana rabon hanya kamar sadaka! Ka taka, na ce!"

Na ƙara da wasu kalmomi na yaran titin Abidjan waɗanda ban san na iya ba. A rediyo kuma, a daidai lokacin, ni ce nake cewa, "Allah ya raya, ya sa mahaddaciyar Alƙur'ani ce."

Gadar ta yi tsit, ko kuma ni na ji haka. 'Yan a-kori-kura suka daskare da baki a buɗe. Ba ni suke kallo ba. Kan Alhaji suke kallo. Sanƙo ne, tas, mai sheƙi, fari fat saboda rabonsa da rana tun zamanin samartaka, da 'yar gashi ƙwaya kaɗan a tsakiya, tsaye kamar ganyen albasa.

Sai Alhaji ya taka mota.

Ban san motar nan tana da wannan ƙarfin ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Hannu ɗaya a kan oda, ɗaya a waje yana kora motoci kamar awaki. Madam Akisi ta fitar da baho ta taga tana buga shi da takalmi. 'Yan albasa suka diro daga motarsu da manyan riguna, suna gudu a gabanmu suna buɗe hanya. A ƙarshen gada wani ɗan sanda ya ɗaga hannu. Alhaji ya leƙa, ya zuba masa Faransanci mai kyau, mai tsari, irin na lauyoyi: cewa 'yarsa ce take naƙuda, haihuwar fari ce, faya ta fashe tun a tsakiyar gada, idan yana da takardar tara ya biyo shi da ita matarniti. Ɗan sandan ya ƙame ya busa usur ya tsayar mana da kowa.

Ko a cikin wannan hali, wani ɓangare na ƙwaƙwalwata ya tsaya ya yi lissafi a natse. Wanda ya iya cewa "faya ta fashe" da Faransanci, ya iya "kunkuru."

Abin da ya faru a ɗakin haihuwa ba shi da tsawo. Ungozomar ta duba ta ce kai ya riga ya sauko, ta tambayi wane mara hankali ne ya ajiye ni a gida har yanzu. Ta ce in yi nishi. Na yi nishi, na yi kururuwa, na kira Innata, na kira Goggo, na gaya wa maigidana abubuwa da dama ko da yake yana can hanyar arewa. Duk abin da aka ce a gidanmu ba a yi, na yi shi, na ƙara da nawa. Sai na ji kamar an zare wani abu mai nauyi daga tsakiyar duniya, ciwon ya ɗauke ɗif, ɗakin ya yi shiru. Shirun nan ya fi komai tsawo a ranar. Na ɗaga kai ina neman fuskar ungozoma. Sannan ya tsala kuka.

Aka ɗora mini shi a ƙirji, da ɗumi, da santsi, yana ta faɗa da iska. Ɗan fari ba a nuna masa so a gaban mutane, wannan ma na sani. Na sumbaci kansa, na sake, ina kuka ina dariya. Goggo, wadda ta shigo a guje da zane a karkace, ta yi gyaran murya. Ban ko dube ta ba.

Ungozomar ce ta ce, "Madam, yanzu kina iya sakin wannan." Na duba hannuna na dama. Hular Alhaji ce. Na matse ta har ta koma kamar tsumman goge tukunya. Da ita na haihu.

Goggo ta ce da ta iso ta same shi a tsaye a bakin ƙofar matarniti, cikin rana, da 'yar shara, kai a buɗe, carbi a hannunsa. Juma'a ta wuce shi. Wani daga cikin 'yan albasa ya cire tasa hular ya miƙa masa, bai ma gani ba. Sai da aka fito aka ce namiji ne, uwa da ɗa lafiya, sannan ya zauna a kan dakali, ya rufe fuska da hannu.

Sauran bayanin daga bakin Hajiya na ji shi, washegari, tana dama mini kunun kanwa a gidan Goggo. Ni ina kwance na juya fuska bango, na ce ba zan sake komawa Adjamé ba har abada, a aiko mini da kayana.

"Ke tafi can," in ji ta. "Kina tsammani bai sani ba? Mutumin da na haifa wa 'ya'ya cike da gida? Tun da kika fito ƙofa ya gane. Ya kira wayata, tana cikin jaka a wurin ta'aziyya. To ya zai yi, ya ce miki 'ɗiyata, naƙuda kike yi'? Da wane bakin? Shi ya sa ya tsaya wurin Awa, don ki gaya mata. Kika ce zafin gari. Ya ɗauko miki mai kifi, ya ƙure rediyo don ku yi maganarku ta mata kada ki ji kunya."

Na ce da ƙaramar murya, "To ɗan taksin fa, Hajiya?"

"Ƙafarsa ce take rawa, ya kasa taka komai. Ya ce gara ya ɗaga hannu a ce kirki ne." Ta miƙo mini kofi. "Ku biyun nan, da kunya za ku kashe mini jika a kan gada. Sha, kafin ya huce."

Ana gobe suna Alhaji ya zo gidan Goggo, da sabuwar hula. Na shige ƙuryar ɗaki na ja labule. Na ba Goggo tsohuwar hular, an wanke an goge, amma ba ta koma daidai ba, na ce ta miƙa masa, ta ce ina neman gafara. Ina jin su ta bayan labule. Ya juya hular a hannu ya ce:

"A ajiye wa yaron. Tare suka sha wuya."

Sannan ya ɗaga murya kaɗan, yadda za ta ratsa labule.

"A gaya wa ɗiyata kunkuru yana gaishe ta. Kuma na yi magana da mijinta kan sunan yaro. Ni tun da uwata ta rasu ban ji wanda ya kira sunan nan da kyau haka ba, har mutanen Plateau sun ji. Bai kamata ya tafi a banza ba."

Haka aka yi. Da safe liman ya raɗa wa ɗana sunan kakansa. Da aka kai sanarwar gidan rediyonmu, abokin aikina ne ya karanta, kuma an ce sai da ya kashe makirufo ya gama dariya tukuna. Yanzu sunan ya haramta a bakina ta hanya biyu, na suruki ga na ɗan fari. Abba nake ce wa yaron. Sau ɗaya tak na taɓa furta sunan a rayuwata, kuma akwai shaidu cike da gada.

Hajiya ta daina nuna ni ga baƙi. Madam Akisi kuwa duk wata sai ta aiko mini da kifi, ta ce a gaida papa mai tseren mota. Tsakanina da Alhaji an koma yadda ake: ina durƙusawa, yana kallon rufin soro. Sai dai idan zai fita da mota yakan tsaya a tsakar gida ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Akwai mai sanarwa kafin in tashi?"

Da na samu ciki na biyu, ranar da na ji ƙuguna ya ɗan motsa, ban tsaya tunanin masu ilimi ba. Na fito tsakar gida na gaya wa Hajiya, na gaya wa maƙwabta, na aika a gaya wa Tanti Awa. Aka kwashe ni a guje zuwa Treichville, Alhaji yana oda tun daga ƙofar gida, hannu ɗaya dafe da hula. Ungozoma ta duba ta ce saura wata guda, wake ne na ci. Muka dawo gida shiru, kowa yana kallon tagarsa. Ban ji kunya ba ko kaɗan. Na riga na koyi cewa sanarwar da na ƙi yi da ƙaramar murya a tsakar gida, a kan gada nake yin ta, da hular mutane a hannu.